Aikin Hannu a Gida: Katin Gaisuwa Mai Furanni

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ɗan aiki wanda ba ya cin kuɗi, amma yana faranta zuciya ƙwarai, watau yin katin gaisuwa da hannu, a yi masa ado da furanni. Kafin mu shiga bayanin yadda ake yi, bari mu ba ku labarin abin da ya sa muka koya.

Bara, wajen ƙarshen damina, santsi ya kwashe gwaggonmu a tsakar gida, ta faɗi ta karye a kwatangwalo. Aka kai ta asibiti a wani gari mai nisa da namu, ta yi mako bakwai a kwance. Mun je dubiya sau ɗaya, daga nan kuɗin mota da aiki da makarantar yara suka hana mu komawa. Sai muka riƙa aika gaisuwa ta waya kowace safiya, haɗe da irin hotunan furannin nan da mutane suke tura wa juna ta WhatsApp. Amma Gwaggo ba ta da irin wannan waya. Ta jikanta ce wanda yake jinyarta, shi kuwa yakan nuna mata in ya tuna. Wata rana da aka haɗa mu da ita muka gaisa, sai ta ce, "'Ya'yana, ana gaya mini kuna gaisuwa, Allah ya yi muku albarka. Amma gaisuwar taku a aljihun yaron nan take kwana. In ya fita ta bi shi, ni kuwa a bar ni da kallon bango."

Wannan magana ta tsaya mana a rai. An ce zumunci a ƙafa yake. To, in ƙafa ta kasa zuwa fa? Ai sai a aika da abin da zai zauna kusa da mutum, ya ɗauka ya duba da dare sa'ad da kowa ya yi barci. Muka zagaya kantuna neman kati. Waɗanda muka samu duk da Turanci aka rubuta su, wasu ma da hoton dusar ƙanƙara, abin da Gwaggo ba ta taɓa gani ba, ga su kuma da tsada. Autarmu ce ta ce, "Mama, me zai hana mu yi namu?"

Gwajinmu na fari bai yi kyau ba, ba za mu ɓoye muku ba. Muka sassaƙa fure a jikin dankali, muka ari akwatin tawadar hatimi irin ta ofis, muka buga a kan takardar rubutu. Furen ya fito sarai, muna ta murna. Da muka ɗora buroshi mai ruwa domin mu sa launi, sai tawadar ta narke ta malale, takardar kuma ta kumbura ta yamutse. Abin da ya rage ya fi kama da tabon shuni a farar riga. Daga wannan ɓarna muka koyi abu biyu waɗanda su ne tushen aikin duka: a san irin tawadar, a kuma san yawan ruwan.

Asalin al'adar

Aika katin Kirsimati ba tsohuwar al'ada ba ce ainun. A shekarar 1840 aka rage kuɗin aika wasiƙa a Ingila, ya koma kwabo ɗaya na kuɗinsu zuwa ko'ina a cikin ƙasar, mutane kuwa suka shiga rubuta wa juna. A 1843 wani ma'aikacin gwamnati a Landan mai suna Henry Cole ya sa wani mai zane, John Callcott Horsley, ya zana masa katin gaisuwar Kirsimati. Aka buga guda 1,000, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana sa musu launi da hannu, aka sayar da su sule-sule. Shi ake ɗauka katin Kirsimati na fari da aka buga domin sayarwa. A Amurka kuwa, wani Bajamushe mai ɗab'i a Boston, Louis Prang, ya fara sayar da nasa a 1875, furanni ne suka fi yawa a jikin katunansa na fari. Ku lura da yadda aka yi katin nan na 1843: an buga zanen tukuna, sa'an nan aka sa launi da hannu. Abin da za mu yi ke nan a gida.

Buga ado da hatimi ma ba baƙon abu ba ne a wannan yanki namu. A garin Ntonso, kusa da Kumasi a Gana, har yau ana sassaƙa hatimi daga ƙwarya a buga ado a jikin zanen da ake kira adinkra. Dukawanmu kuma da ƙarfe mai zane a bakinsa suke buga ado a jikin fata.

Shi fentin ruwa mai kyau, garin launi ne aka kwaɓa da ƙaro, irin wanda yake fitowa daga itacen dakwara. Sudan ce ta fi kowace ƙasa fitar da shi zuwa waje, Cadi da Nijeriya ma suna cikin manyan masu fitarwa. Ƙaron shi yake manna launin a jikin takarda. Da yake kuwa ƙaro yana narkewa a ruwa, fentin da ya bushe yakan sake motsi in ruwa ya taɓa shi. Ku riƙe wannan, gama zai yi mana amfani a gaba.

Kayan aiki

Takarda. Takardar rubutu ta ofis ba ta da ƙarfin ɗaukar ruwa. In kun duba jikin ƙunshinta za ku ga an rubuta 70 ko 80, watau nauyinta giram 70 ko 80 ne a murabba'in mita ɗaya. Takardar da aka yi musamman domin fentin ruwa takan kai giram 300, tana kuma da ɗan kaushi mai riƙe launi. Ana samunta a kantunan kayan zane a manyan garuruwa. In babu, farar takarda mai kauri irin wadda 'yan makaranta suke zane a kai ta isa, muddin an rage ruwa. A guji mai sheƙi, gama ruwa ba ya shigarta, sai ya tsaya a kanta kamar raɓa a ganyen gwaza.

Fenti. Ɗan akwatin fentin ruwa na 'yan makaranta ya wadatar. Ko launi uku kawai kuke da su, ja da rawaya da shuɗi, ba ku rasa kome ba. Rawaya da shuɗi suna ba da kore. Ja da rawaya suna ba da ruwan goro. Ja da shuɗi suna ba da shunayya. Ja da ruwa mai yawa shi ne ruwan hoda. Fari kuwa ba a shafa shi: wurin da kuke so ya zama fari, ku bar takardar yadda take.

Buroshi da sauransu. Ku nemi buroshi biyu, ɗaya mai tsinin baki, ɗaya mai faɗi. Sai gwangwani biyu na ruwa, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya mai tsabta na haɗa launi. Sai farin faranti na kwaɓi, da tsohon tsumma mai laushi, da almakashi, da rula, da fensir, da gam, da salatif na takarda, da tsohuwar jarida.

Tawada. A nan ne muka yi tuntuɓe. Tawadar hatimi ta ofis ruwa yana narkar da ita. Haka ma tawadar da ake dafawa a gida da gawayi da ƙaro. Akwai tawadar hatimi wadda ruwa ba ya ci bayan ta bushe, ana sayar da ita a kantunan kayan zane. Fentin akirilik ma, in ya bushe, ruwa ba ya motsa shi. Kowace iri kuka samu, ku gwada ta tukuna. Ku buga a kan guntuwar takarda, ku bari ta bushe sarai, ku bi ta kai da jiƙaƙƙen buroshi. In ta tsaya, kuna iya buga hatimi da fari, ku sa launi daga baya. In ta malale, kada ku yar da ita. Ku juya aikin kawai: ku sa launi da fari, ya bushe, sa'an nan ku buga hatimi a kai.

Hatimi. Akwai na roba da ake sayarwa da zanen furanni iri iri, amma yawancin abin da muke bukata yana cikin kwandon cefane. In aka yanka ɗanyar kuɓewa a gicciye, bakin yankan fure ne sosai, mai ɗakuna biyar ko fiye. A goge yauƙin da tsumma, a bar ta ta sha iska kaɗan kafin a yi aiki da ita. Ƙaramar albasa da aka raba biyu tana ba da zobba, ɗaya cikin ɗaya, kamar fure mai ninki. Ganyen zogale da na darbejiya suna ba da ganyaye masu kyau. Wanda yake son hatimin da zai daɗe, sai ya zana fure a jikin robar goge rubutu ko guntun tsohon silifas, ya sassaƙe duk wurin da ba ya so ya fito. Wannan aikin reza ne, saboda haka na manya ne, kada a bar wa yara. Ku tuna kuma, abin da aka sassaƙa a hatimi a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. Fure ba ya damuwa da wannan, amma rubutu zai fito a birkice. Gara a rubuta kalmomi da hannu.

Yadda muka yi katin Gwaggo

1. Mun ɗauki takarda mai kauri, girman A4, watau santimita 21 da 29.7, muka raba ta biyu. Kowane rabi kati ɗaya ne. Kafin mu ninke, mun aza rula a tsakiya muka ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, domin ninkin ya tafi daidai, kada takardar ta tsage. Katin da aka ninke ya zama santimita 10.5 da 14.8, yana kuwa shiga ambulan ɗin da ake kira C6.

2. Ba a jikin katin muka yi fentin ba. Mun yanka wata takarda dabam, santimita 9.5 da 13.8, a kanta muka yi aikin. Amfanin wannan biyu ne. In aka yi kuskure, ƙaramar takarda ce ta lalace. Katin kansa kuma ba ya jiƙewa, balle ya lanƙwashe. Muka manna gefunanta huɗu a kan tire da salatif na takarda.

3. Da buroshi mai faɗi muka shafa ruwa mai tsabta a takardar, har ta yi ɗan sheƙi, amma ba ta yi kududdufi ba. Muka ɗiga shuɗi mai ruwa-ruwa nan da can, muka bar shi ya bazu da kansa kamar gajimare. Wannan shi ne sa launi a jiƙaƙƙiyar takarda, ba ya barin kaifin gefe. Sa'an nan muka jira ta bushe. In kuna so ku sani ko ta bushe, ku taɓa ta da bayan hannu. In da sanyi, da sauran ruwa a ciki.

4. Muka sa alama da fensir a wurare uku da furanni za su zauna. Kada a jera su a layi kamar sojoji. A zaunar da su kamar duwatsun murhu, babba ɗaya a ƙasa, ƙanana biyu a sama, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. A bar fili a gefe ɗaya domin ido ya huta, domin kuma a sami wurin rubuta gaisuwa.

5. Furen kuɓewa muka kwaikwaya, gama Gwaggo ta san shi tun tana yarinya: kunnuwa biyar masu rawaya mai haske, da ja mai duhu a tsakiya. Da buroshi mai tsini muka yi kowane kunne. Ana ɗora tsinin a tsakiya, a danna cikin buroshin a ja waje, a ɗaga. Shafa ɗaya, kunne ɗaya. Tun rawayar tana da danshi muka ɗiga ja kaɗan a gindin kowane kunne, ya bi ruwan ya hau da kansa. Muka sake jira.

6. Yanzu sai hatimi. Muka kwaɓa ja da ɗan shuɗi da kauri, kamar kunu mai kauri, muka shafa a bakin kuɓewa da buroshi. Muka shimfiɗa jarida mai ninki a ƙarƙashin takardar domin hatimin ya sami laushi. Muka gwada a guntuwar takarda tukuna, sa'an nan muka buga a tsakiyar kowane fure. Ga ƙa'idar bugu: a sauke hatimin a miƙe, a danna daidai, a ƙirga biyar, a ɗaga a miƙe. Kada a murza, kada a jijjiga. In aka sake bugawa ba tare da ƙara fenti ba, furen zai fito dishi-dishi, kamar yana can nesa. Mun sa irin waɗannan guda biyu a baya, suka ƙara wa zanen kyau.

7. Ganye ya kamata ya fito daga bayan fure, kada ya hau kansa. Ga dabarar: a yanka 'yar takarda daidai girman furen, a rufe shi da ita, sa'an nan a buga ganyen ya hau kan murfin kaɗan. In aka ɗage murfin, za a ga ganyen ya ɓuya a bayan furen. Ganyen zogale muka yi amfani da shi. Ana shafa kore a bayansa, wajen da jijiyoyi suka fi fitowa, a kwantar da shi a takarda, a rufe da guntuwar jarida, a shafa da yatsa a hankali, a ɗage.

8. Da tsinin buroshi muka ja kara daga kowane fure zuwa ƙasa, da ɗan lanƙwasa, gama babu tsiron da yake miƙe kamar rula. Da gindin tsinken ashana muka ɗiga rawaya mai kauri a tsakiyar furannin.

9. Da kome ya bushe, muka ɓare salatif a hankali, muka sa takardar a tsakanin fararen takardu biyu, muka danne da manyan littattafai ta kwana. Da safe muka shafa gam kaɗan a bayanta, muka manna a fuskar katin, da rabin santimita na fari kewaye da ita.

Kurakuran da aka fi yi

Na ɗaya shi ne gaggawa. Wanda ya sa launi na biyu tun na fari bai bushe ba, alhali ba haɗuwarsu yake so ba, zai ga sun cakuɗe sun zama ruwan ƙasa. Da hunturu takarda takan bushe nan da nan, har sai mutum ya yi sauri in yana son launi ya bazu. Da damina kuwa sai an yi haƙuri. Dabararmu ita ce mu yi kati huɗu ko biyar a zama ɗaya. Kafin mu gama da na ƙarshe, na farin ya bushe.

Na biyu shi ne yawan ruwa. Bayan an tsoma buroshi, a taɓa shi a tsumma kafin a kai shi takarda. In ruwa ya taru a wuri ɗaya, a matse buroshin ya bushe, a ɗora bakinsa a wurin, zai tsotse.

Na uku shi ne farawa da launi mai duhu. A fentin ruwa daga haske ake tafiya zuwa duhu, gama mai haske ba ya rufe mai duhu. Ku sani kuma, launi yakan ƙara haske bayan ya bushe. In ya yi muku fari da yawa, sai ku ƙara shafa ɗaya a kai.

Na huɗu shi ne yawan gyara. In aka yi ta goga buroshi a wuri ɗaya, ƙaron da ke ƙasa yakan narke, launi ya tashi, takardar ma ta fara saɓulewa. In ɗigo ya faɗa inda ba a so, a danna shi da tsumma mai tsabta tun yana ɗanye. In ya ƙi fita, a mai da shi toho ko ɗan ganye. Yawancin kurakuranmu haka suka ƙare, ba wanda ya gane.

In babu fentin kanti

Kada rashin akwatin fenti ya hana ku. Ku dafa zoɓo cikin tafin hannu a ruwa kaɗan har ya yi kauri, ku tace, ku zuba ɗan ƙaron da aka jiƙa. Zai ba ku ja, amma kada ku yi mamaki in ya koma shunayya a jikin takarda, gama takardu da yawa suna da alli a cikinsu, launin zoɓo kuwa yana sakewa in ya gamu da irin wannan. Ɗigon lemon tsami yana mai da shi ja mai haske, ruwan kanwa yana karkatar da shi wajen kore. Gangamau yana ba da rawaya, in kanwa ta taɓa shi ya koma ja-ja. Shayi mai ƙarfi yana ba da ruwan ƙasa, bular wanki kuma tana ba da shuɗi. Yara suna jin daɗin wannan gwaji ƙwarai. Sai dai launin zoɓo da na gangamau suna kodewa in rana ta daɗe tana dukansu, ruwan zoɓon kuma ba ya kwana da yawa sai ya lalace. A haɗa daidai na aikin ranar.

Akwai wasu dabaru biyu masu sauƙi. In aka zana fure da farin kyandir kafin a sa fenti, launi ba zai kama wurin ba, furen zai fito fari. In kuma aka barbaɗa gishiri kaɗan a kan launi mai danshi, aka bari ya bushe aka kakkaɓe, zai bar ɗige-ɗige kamar taurari.

Abin da za a rubuta a ciki

Fure yana jawo ido, amma abin da aka rubuta shi mutum zai yi ta komawa yana karantawa. Ku kira shi da sunan da kuka saba kiransa. Ku rubuta da harshen da yake ji. In tsoho ne, ku yi manyan baƙaƙe. Ku faɗi wani abu wanda shi kaɗai ya shafa, kada ku tsaya a kan "muna gaisuwa" kawai. Mu mun gaya wa Gwaggo cewa kuɓewar da muka buga furannin da ita daga irin da ta ba mu ne, mun kuma shanya mata busasshiya tana jiranta. Kowane yaro ya sa sunansa da hannunsa. Jikanmu wanda bai iya rubutu ba, muka shafa masa ja a babban yatsa ya dangwala, muka ja masa kara da ganye biyu, ya zama toho. Kada ku manta da kwanan wata, gama irin wannan kati yakan daɗe a akwati.

Ku dubi kuma dalilin gaisuwar. Katin aure ko na suna ko na Kirsimati yana son launuka masu haske da furanni da yawa. Na ta'aziyya kuwa fure ɗaya ya isa, da launi mai sanyi da magana kaɗan. Maƙwabtanmu da suke aiko mana da abincin salla, su ma za su yi murna da kati a ranar bikinsu.

Wani ɗan'uwa mai tafiya wajen ne ya kai wa Gwaggo katin. Ya ce da ta buɗe ambulan ta kai shi kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa, sai ta fashe da dariya ta ce, "Kai, wannan ai kuɓewa ce! Yaran nan sun mai da miya fure." Ta sa aka zagaya da shi gadajen matan da ke ɗakin, kowace ta gani. Daga nan ta jingina shi a jikin kwanon shanta, inda za ta gan shi in ta juya. Da aka sallame ta muka je barka, muka tarar da shi a cikin akwatinta, a naɗe cikin ɗankwali tare da takardun da take ji da su. Furannin ba su yi daidai da juna ba, ganye ɗaya ma ya ɗan goge. Ba ta ga wannan ba. Ta riƙa nuna mana sunayen yaran ɗaya ɗaya, tana cewa, "Wannan hannun wane ne, wannan kuma na wance."

To, masu karatu, ga abin da muke roƙonku. A wannan mako ku zauna da iyalinku ku rubuta sunayen mutum biyar waɗanda gaisuwarku ba ta kai musu yadda ya kamata: tsohuwar da ba ta iya fita, marar lafiya a asibiti, gwauruwar da mutane suka daina zuwa wurinta bayan kwanakin makoki, ɗan makarantar kwana, malamin da ya koyar da ku ya yi ritaya. Ku ware yammacin Asabar ɗaya, ku shimfiɗa jarida a kan tabarma, ku yanka kuɓewa. Na fari ba zai yi kyau ba, namu ma bai yi ba. Ku ajiye shi ku yi na biyu. Wanda yake so ya aika na Kirsimati, ya fara tun watan Nuwamba, domin a sami mai tafiya ya kai a kan lokaci.

In kun gwada, ku rubuto mana ku gaya mana abin da kuka yi hatimi da shi, da yadda wanda kuka aika wa ya karɓa. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.